Kundin Aikin Amfilifayar Jita Mai Bawul a Bauchi

14 ga Disamba, 2024

Aikin da na sa a gaba shi ne in samar wa ƙanena, wanda ke kaɗa jita tare da wasu matasa a Yelwa, amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti, mai bawul (kwalaben gilashin nan masu ɗumama na cikin tsofaffin rediyo) da za ta ba shi amon kiɗan rok na shekarun 1960 da 1970, wato amon nan mai kauri da ke fita tas idan an taɓa tsirkiya a hankali, ya kuma yi kaushi idan an doke ta da ƙarfi. Abin da yake amfani da shi yanzu akwati ne mai taransista haɗe da 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa, kuma ko da yake suna fitar da shi kunya a wurin biki, kaushin da suke bayarwa iri ɗaya ne ko ya kaɗa da ƙarfi ko ya lallaɓa. Kunnensa ya saba da fayafayan ƙungiyoyin Ingila na wancan zamani da na ƙungiyoyin Najeriya irin su Ofege da BLO da Funkees, saboda haka ya san abin da yake nema, ni kuma nawa shi ne in gano inda abin yake a cikin waya da ƙarfe.

Kafin in kashe ko sisi na bi tarihin akwatunan da suka haifar da wannan amo. Tushen yana Amurka, a kamfanin Fender, wanda ya ƙera Bassman na 1959 domin jitar bes amma masu jita suka karɓe shi hannu bibbiyu. A 1962 Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a Hanwell da ke yammacin Landan, shi da ma'aikatansa suka ɗauki tsarin Bassman ɗin kusan waya da waya suka fitar da JTM45. Sai dai kayan da ke hannunsu a Ingila daban ne: a ƙofar shiga sun sa bawul ECC83 a madadin 12AY7, wanda ƙarfinsa na haɓaka sauti bai kai rabin na ECC83 ba, taransfomominsu na gida ne, sannan suka haɗa abin da sifikun Celestion masu inci 12. Wannan ɗan bambanci ne ya raba amon Ingila da na Amurka. A 1965 kamfanin ya fitar da mai wat 100, saboda makaɗa irin su Pete Townshend suna wasa a manyan zauruka a lokacin da babu lasifikar da za ta ɗauki jita ta kai ta bayan taro. A ɗaya ɓangaren akwai Vox na garin Dartford, wanda AC30 ɗinsa na 1959 ke aiki da ƙananan bawul EL84 guda huɗu, kuma Marshall ma ya yi ƙaramin akwati mai wat 18 da EL84 guda biyu a tsakiyar shekarun 1960.

Abin da ya haɗa waɗannan akwatuna duka shi ne babu ɗayansu da ke da wurin rage murya bayan an tura sauti cikin kaushi. Kaushin yana zuwa ne sa'ad da aka buɗe su sosai har bawul na ƙarshe da taransfomar fita (mai miƙa sauti ga sifika) da sifika suka kai iyakarsu tare. Ke nan wanda ya sayi mai wat 100 a Bauchi, inda ɗakin atisaye yake jikin katangar maƙwabci, ya sayi abin da ba zai taɓa buɗewa zuwa inda amon yake ba. Lissafin ma bai goyi bayan babban akwati ba, domin ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, kuma tsakanin wat 18 da wat 100 tazarar ba ta kai desibel 8 ba. Na yanke shawara a kan EL84 guda biyu, masu daidaita kansu ta razistar katod (ɗan abin rage gudun wuta da ake sawa a ƙafar bawul mai suna katod), domin irin wannan tsari idan bawul ya mutu ana iya cire shi a sa sabo ba tare da an nemo mai gyara ya sake saita komai ba, kuma masu gyaran da suka san bawul a garin nan ba su da yawa yanzu.

4 ga Janairu, 2025

Sabon akwati daga waje ya fi ƙarfin aljihunmu, kuma na Amurka da aka yi domin bolt 120 da hats 60 (yawan bugu a daƙiƙa) taransfomarsa kan yi zafi a wutarmu mai hats 50 ko da an sa mata mai rage wuta. Don haka na bi shagunan tsofaffin masu gyaran rediyo, har na dace a wurin wani dattijo kusa da kasuwar Wunti. A ƙarƙashin teburinsa akwai tsohuwar amfilifayar taro, irin wadda ake ɗaura wa lasifika a makarantu da masallatai kafin zuwan taransista, tambarinta ya goge, amma da na ɗaga murfin na ga EL84 biyu, da EZ81 mai mayar da wutar gari wuta mai tafiya hanya ɗaya, da ECC83 ɗaya, da EF86 na ɓangaren makirfo. Kusan jerin bawul ɗin ƙaramin Marshall ke nan.

Dattijon ya ɗora hannu a kan taransfomar fita ya ce, "Ɗana, wannan kaɗai ta fi kuɗin da za ka ba ni, domin jan ƙarfen da ke cikinta na gaske ne. Amma ka ji da kyau, kada ka kuskura ka kunna ta babu sifika a jikinta." Na ce, "To Baba, na ji, Allah ya ƙara girma." Gargaɗinsa yana kan hanya, domin taransfomar fita idan aka tura mata sauti babu kaya a bakinta takan mayar da wuta mai tsananin ƙarfi baya, ta ƙone rufin wayarta ko ta fasa bawul. Kafin in biya na auna naɗin taransfomomin biyu da mita a gabansa, babu wanda ya yanke, babu kuma wanda ke taɓa jikin ƙarfe. Taransfomar fita tana da bakin sifika na om 4 da 8 da 16, da wani na layin bolt 100 na lasifikun nesa, wanda zan naɗe da tef in ajiye gefe.

18 ga Janairu

Makonni biyun nan sun tafi a shara da tsaro. A cikin kaskon ƙarfen akwai ƙurar hunturu ta shekaru, da gidan zanzaro guda biyu, ɗaya a manne daidai ƙarƙashin mazaunin EZ81, ƙasarsa ta haɗe ƙafafu biyu na mazaunin. Ƙura a bushe ba ta cika yin lahani ba, amma idan damina ta zo ta sha laima takan zama hanyar wuta tsakanin ƙafafun da ke ɗauke da bolt 300, shi ya sa na wanke kowane mazauni da burushi da sifirit har sai da farin ainihinsa ya fito. Ɗaya daga cikin EL84 ɗin tabon azurfar da ke ƙoƙon kansa ya koma fari fat, alamar iska ta shiga, ya gama aiki. ECC83 ɗin kuwa mai tambarin Mullard ne, tsohon kamfanin bawul na Ingila, kuma tabonsa na sheƙi.

Ga duk wanda zai gwada irin wannan aiki, ina jaddada cewa kondansan tace wuta, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, suna riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare soket, kuma suna iya kashe mutum. Kullum kafin in sa hannu sai na zubar da wutar ta cikin razista, in kuma tabbatar da mita cewa ta sauka. Na cire tsohuwar waya mai baki biyu na sa mai baki uku, na ɗaure wayar ƙasa a jikin kaskon da noti nata na kanta, na sa fiyus a layin wuta. Tsofaffin kondansan duka sun bushe, na maye gurbinsu da masu maikrofarad 32 da bolt 450, waɗanda aka rubuta musu juriyar zafi har digiri 105. Akwai masu cewa a sa manya domin a kashe ƙugi gaba ɗaya, sai dai takardar bayanin EZ81 ta iyakance kondansa na farko a maikrofarad 50, kuma wuce hakan yana gajarta ran bawul ɗin a duk kunnawa.

Kunnawar farko na yi ta ne ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60 da na jera a layin wuta, yadda idan akwai inda waya ta haɗe ƙwan ne zai haska ya tare wutar kafin taransfoma ta ƙone. Samun irin wannan ƙwai ya zama aiki, tunda kasuwa ta koma ta masu tsimin wuta, kuma su ba sa yin wannan aiki. Ƙwan ya yi haske na ɗan lokaci, sannan ya dusashe zuwa ja, ya ɗan ƙaru kaɗan da EZ81 ya ɗumama ya fara cika kondansan, daga nan ya tsaya. Haka ake so.

8 ga Fabrairu

Sababbin EL84 sun iso ta hannun wani abokina da ke Legas, ma'aurata da aka auna suka yi daidai da juna, ƙirar JJ ta ƙasar Silobakiya. Masana'antun da suka rage suna ƙera bawul a duniya 'yan kaɗan ne, a Silobakiya da Rasha da Sin, kuma tun 2022 da fitar da kaya daga Rasha ya samu cikas farashi ya tashi, wanda hakan ma hujja ce ta zaɓen akwatin da ke cin ƙananan bawul biyu a kan mai cin manya huɗu.

A nan ne aikin ya rabu da abin da ake karantawa a bayanan ƙasashen waje, domin su sun ɗauka wutar bango tsayayya ce. A unguwarmu na sha auna ta da rana ta kusa bolt 245, da magariba kuma ta gangara ƙasa da 200. Taransfomar wutar tana da bakin 220 da na 240. Zaren da ke ɗumama bawul yana son bolt 6.3, kuma kada a kauce masa da fiye da kashi 10 cikin 100. Idan na zaɓi bakin 220, wuta ta kai 245, zaren zai sha bolt 7, wanda ya wuce iyaka, don haka na tsaya a bakin 240. Matsalar ta koma ɗaya gefen, domin idan wuta ta faɗi zuwa 190 zaren bolt 5 kawai zai samu, amo ya yi laushi ya rasa kai. Na sa sitabilaiza a gaba, kuma tana taimakawa, sai dai irin mai tsalle daga mataki zuwa mataki ce, duk sa'ad da ta yi tsalle ana jin ƙas a sifika. Ƙaramin janareta ba na son haɗa shi da wannan akwati ko kaɗan, tunda idan kaya suka yi masa nauyi gudunsa kan ragu, bugun wutar ya sauka ƙasa da hats 50, taransfoma ta ɗauki zafi. Inbata mai fitar da wuta sumul ita ta fi duka, mai arha kuwa zizar da take shigarwa ba ta jituwa.

Sai batun yawan wutar da EL84 ke sha a zaune. Razistar katod da na tarar mai om 130 ce, su biyu suke tarayya a kanta. Da wutar bango tana 230 na auna bolt 320 a anod, wato farantin bawul, da bolt 11 a katod. Bolt 11 a kan om 130 ya ba da miliam 85 na wutar da ke gudu, wato kusan 42 ga kowane bawul, idan aka cire kimanin 4 na girid ɗin kariya (ragar waya ta cikin bawul) saura 38, a ninka da bolt 309 da ke tsakanin anod da katod, an samu wat 11.7. Iyakar EL84 wat 12 ce. A ƙasar da wuta ba ta motsi ana iya barin haka, kuma tsofaffin Vox ma da zafi suke tafiyar da nasu, amma da wutarmu ta hau 245 lissafin ya wuce wat 13, kuma a ɗakin duhu na hangi ɗan ja-ja a jikin farantin ɗayansu. Na canza zuwa om 150 mai wat 10. Yanzu katod yana bolt 11.4, abin da kowane bawul ke sha ya sauka zuwa kimanin wat 10.6, akwai sarari idan wuta ta yi sama. Na kuma nisanta kondansan katod daga jikin razistar, domin zafin da take fitarwa shi ke busar da shi, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba ran irin wannan kondansa biyu.

22 ga Fabrairu

Ƙofar shiga ta makirfo ce, ba ta dace da jita ba. EF86 bawul ne mai daɗin amo, Vox ma sun fara da shi, amma yana da saurin kama girgiza, kuma wannan da na ƙwanƙwasa shi da fensir sai da sifika ta amsa. Tunda mazauninsa mai ƙafa 9 ne irin na ECC83, na sake masa waya na sa ECC83, da razista mai om miliyan 1 zuwa ƙasa domin kada a danne siririn sautin jita, da mai om dubu 68 a bakin girid domin tare tashoshin rediyo. Daga nan sauti yana bi ta bolum da abin daidaita amo guda ɗaya, ya shiga tsohon Mullard ɗin da ke raba shi gida biyu, ya isa EL84. Matakin haɓakawa ɗaya ke nan kacal kafin mai rabawa, kuma da gangan na bar shi haka, domin duk matakin da aka ƙara a gaba yana jawo kaushin ya faru tun kafin a isa bawul na ƙarshe, wanda shi ne amon shekarun 1980, wani abu daban da wanda muke nema.

Gyaran da ya fi kowane tasiri shi ne na waya ɗaya tak. Masu ƙera amfilifayar taro suna ɗauko ɗan sauti daga bakin sifika su mayar da shi baya a juye, domin muryar mai jawabi ta fita tsaf. Bassman da JTM45 suna da wannan waya, AC30 da Deluxe na Fender na ƙarshen shekarun 1950 ba su da ita. Da wayar a haɗe akwatin yana zama tas har kusan ƙarshen bolum, sannan ya karye farat ɗaya. Da na cire ta sai kaushin ya riƙa shigowa sannu a hankali tun daga tsakiyar bolum, yana hawa yana sauka da nauyin hannun makaɗi. Ƙanena ya kaɗa, ya tsaya, ya sake kaɗawa a hankali, ya ce, "Yaya, wannan tana jin hannuna." Ni abin da ya zo mini a rai shi ne 'yan zobban ƙarfen da ake ɗaura wa a kan garaya, waɗanda ke yin shiru idan an lallaɓa, su yi ziza idan an doka, kuma babu makaɗin da zai ce a cire su wai don amo ya yi tsabta. Na sa makunni a baya mai haɗa wayar ko raba ta, saboda ranar da zai bukaci amo mai tsabta.

Cire wayar ya fito da wata matsala. Idan aka doki babbar tsirkiya, wadda ke kaɗawa a hats 82, amo kan toshe na ɗan lokaci kamar zai ɗauke. Dalili shi ne girid ɗin EL84 yana fara jan wuta idan an tura shi da yawa, ya cika kondansan da ke kawo masa sauti, bawul ya rufe har sai kondansan ya huce. Na rage waɗannan kondansa daga maikrofarad 0.047 zuwa 0.01, na sa razista mai om dubu 8.2 a bakin girid ɗin kowane EL84. A katod ɗin bawul na farko kuma na gwada haɗin da Marshall ya yi suna da shi, om dubu 2.7 da maikrofarad 0.68, wanda ke rage ƙasan amo ya tura tsakiya gaba, amma jitar ƙanena mai siririn amo ce tun asali, sai abin ya yi tsini da yawa. Na tsaya a om dubu 1.5 da maikrofarad 2.2.

15 ga Maris

Azumi ya rage mana gwaji da ƙarfi, don haka na koma kan ƙugin da ake ji idan ba a kaɗa komai. Ƙugi iri biyu ne, kuma jitar kanta tana iya bambance su. Na rashin isasshen tacewa yana hats 100, wato ɗan sama kaɗan da amon da babbar tsirkiya ke bayarwa a gaɓa ta uku, mai hats 98. Na zaren ɗumama yana hats 50, ƙasa da wancan da rabi. Namu na ƙasan ne. Na sake murɗe wayoyin zaren biyu-biyu na kwantar da su a kusurwar kasko nesa da ƙofar shiga, na sa razista biyu masu om 100 daga kowane gefe, na kai mahaɗarsu kan katod ɗin EL84 inda bolt 11 yake maimakon ƙasa. Ƙugin ya ragu har sai an kai kunne jikin sifika. Zizar da ta saura daga cajar waya da ƙwan tsimin wuta na ɗakin take, jitar ce ke kama ta, kuma kashe su ya ishe ta.

12 ga Afrilu

Duk gwajin baya da sifikar taro mai inci 12 na yi shi, kuma ita ce ta ɓoye rabin alherin akwatin. Sifikar da aka yi domin murya da faifai tana fitar da saman amo har can ƙololuwa, inda kaushin bawul yake da ƙaiƙayi a kunne, ita kuwa ta jita da kanta take yanke abin da ya wuce kimanin hats 5000. Na samu Celestion G12M ta hannu, mai wat 25, irin wadda ta cika akwatunan Marshall a ƙarshen shekarun 1960, aka sako mini ita a motar haya. Da na haɗa ta, canjin ya fi na duk kondansan da na sauya a watan Fabrairu. Da a ce wani zai tambaye ni inda zai fara kashe kuɗinsa, sifika zan nuna masa kafin bawul masu tsada.

Akwatin sifikar wani kafinta ya haɗa mini da filawud mai kaurin milimita 18 da muka zaɓo a kasuwar katako ta Muda Lawal. Na sa ya yi bayan gida biyu masu cirewa. A rufe ƙasan amo ya fi tauri kuma sautin yana tafiya gaba kai tsaye, a buɗe yana bazuwa ya cika ɗaki, mai ganguna ma yana ji daga baya. Ƙanena ya fi son a buɗe, ni ma haka. Amfilifayar kanta na ba ta gida daban, domin kada girgizar sifika ta riƙa kaɗa bawul, kuma saboda zafi. A wannan wata zafin rana kan kusanci digiri 40, kuma bayan awa ɗaya ana kiɗa taransfomar wuta ba ta barin a daɗe da hannu a kanta. Na sa aka buɗe tagogi masu raga a sama da baya, na ɗaga ƙafafun gidan domin iska ta shiga ta ƙasa.

Wat 15 ko 18 ba ƙaramin ƙara ba ne. Wannan sifika tana ba da kusan desibel 98 da wat 1 a tazarar mita 1, ke nan a cikakken ƙarfi ana maganar kusan 110, alhali ma'aunin lafiyar ma'aikata ya sa iyaka a desibel 85 na awa 8, kuma lokacin yana raguwa da rabi a duk ƙarin desibel 3. Na saya wa ƙanena abin toshe kunne na kuma roƙe shi ya riƙa sawa. Gwaji da ƙarfi kuma mun tsayar da shi tsakanin hantsi da azahar, bayan na shiga na gaisa da maƙwabta na nemi uzurinsu.

10 ga Mayu

Mun samu damar gwada ta kafaɗa da kafaɗa da wata mai wat 50 da manyan bawul EL34 biyu, wadda wata ƙungiyar mawaƙan coci ta ba mu aro, a wani zauren taro mai matsakaicin girma, da ganguna da bes. Ta aron tana da bolum na biyu a ƙarshe, irin tsarin da Marshall ya shigo da shi a tsakiyar shekarun 1970 ya kuma shahara da JCM800 na 1981. Akwati ne mai kyau, kuma ya fi namu a abubuwa biyu: ƙasan amonsa ya fi tsayawa da ƙafarsa, sannan yana iya zama tas a ƙarar da tamu ta riga ta yi kaushi. Wanda aikinsa rakiyar mawaƙa ne da amo mai tsabta, ita ta fi dacewa da shi, kuma na gaya wa mai ita haka.

A kan amon da muke nema kuwa, bambancin ya fito fili. A ƙarar da zauren zai iya ɗauka, EL34 ɗin ko gumi ba su fara ba, kaushin duk daga ƙananan bawul na gaba yake zuwa, siriri mai yashi-yashi. Sau ɗaya muka buɗe ta sosai, amon ya zo da kyau ƙwarai, amma mai ganguna ya ajiye sanduna ya ce ba ya jin kansa. Tamu a kashi biyu cikin uku na bolum ta zauna daidai da gangunan, ƙanena yana rage murya daga jikin jitar idan ana waƙa amo ya wanke, ya buɗe idan nasa lokacin ya zo. Akwai kuma ɗan lotsawar da EZ81 ke kawowa, inda wuta ke sauka kaɗan a farkon duka sannan ta dawo, amo ya yi kamar yana kumbura. Ba ta da yawa a irin wannan tsari, tunda bawul ɗin suna shan wuta sosai ko a zaune, amma da na gwada diyod na silikon a gurbinsa bolt ya hau, dukan ya yi tauri, mu biyu muka zaɓi a mayar da bawul. A filin biki na waje wat 18 ba zai isa shi kaɗai ba, sai an kafa makirfo a gaban sifika a tura ta lasifikar taro.

7 ga Yuni

Ruwa ya sauka, kuma na buɗe kaskon na duba mazaunan bawul da fitila, babu alamar baƙin ƙuna tsakanin ƙafafu. Katod yana nan a bolt 11.4. An ɗinka wa gidan da akwatin riguna na tamfol, na kuma ce kada a ajiye su a ƙasa.

Abin da ya rage shi ne ɗan ƙarin turi domin wuraren da jita ke fita ita kaɗai. Makaɗan Ingila na wancan zamani, ciki har da Brian May da AC30 ɗinsa, suna sa 'yar na'ura mai taransista ɗaya a gaban amfilifaya, wadda ke ɗaga tsakiya da saman amo ta tura bawul na farko. Na asalin, irin Rangemaster, da taransistar jamaniyam aka yi su, ita kuma yoyon wutarta yana ƙaruwa da zafi har saitinta ya kauce, abin da ke da muhimmanci a garin da ake kiɗa a ƙarƙashin rumfar kwano. Zan haɗa guda biyu a kan allo ɗaya, ta jamaniyam da ta silikon mai ƙaramin ƙarfi, in auna bolt ɗin kowace da sassafe, in sake aunawa bayan sun yi awa ɗaya a rana, sannan ƙanena ya saurare su ba tare da ya san wadda aka haɗa ba. Sitabilaiza mai tafiya sumul ba tare da tsalle ba ita ma tana cikin lissafin watan gobe, idan kuɗi sun samu.